Abin da Na Faɗa a Majalisar Alhaji Idrissa

Ranar da Hajiya Baturiya ta zo ɗaukar Nafi, ko zaure ba ta shiga ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta toshe hanci da gefen mayafi kamar mai wucewa ta kwata. Ina tsugune a ƙofar gida ina kwance motopom ɗin wani mai garka, wato lambu, daga Dabaga, injin ban ruwa ke nan, gyaransa ne sana'ata. Ta gaishe ni ta cikin mayafin, ta ce jikarta ta zo ɗauka, ta yi musu kwana biyu. Matar da ke tofar da tukar goro a duk inda ta zauna, yau ita ce iskar gidana ta yi wa ƙazanta. Na gani, na kuma gane. Amma na ce to, na sunkuya na ci gaba da murɗa ƙusa.

Nafi shekararta biyar. Uwarta Kadidia ita ce ƴata ta fari, kuma sunan mahaifiyata gare ta, kunya biyu ke nan a kaina. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Haka na tarar ana yi. Da ta gama karatu aka ba ta aji a lekol, sai na samu sauƙi, na koma kiranta Madam. Hajiya Baturiya uwar mijinta ce. Mijin, Mourtala, yana aikin haƙar gawayi a Anou Araren, sai ƙarshen sati yake shigowa gari.

Ciwon Kadidia ya fara ne a nono. Uwarta, matata Salamatou, ita ce ta gaya mini, ita ma ta zagaya ta zagaya kafin ta iso wurin. An kai ta Yamai aka cire na hagu shekara biyu da suka wuce, muka ce an rabu da bukar. Bana tari ya kama ta, busasshe, ba ya jin magani. Aka sake ɗaukar hoto, aka ga ciwon ya yi ƴaƴa a huhu. Likitoci suka ce sai shimiyo, wato maganin da ake ɗura wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa, sau shida, kowane bayan sati uku. A nan Agadez ba a yi, dole sai Yamai. Yini da dare a cikin kar, babbar motar fasinja, a kan hanyar da ko mai lafiya sai ya sauka yana dafa ƙugu. Mourtala ya maido ta gidana don uwarta ta yi jinya, ta zo da Nafi.

Tafiyar farko na raka su. Da aka kira su ɗakin likita, a waje na tsaya ina kallon takalmina. Ina zan shiga a buɗe maganar jikin ƴar fari ina zaune? Salamatou ce ta fito ta ba ni labari. Likitar, mace ce, ta ce maganin ba ya bambance abokin gaba da ɗan gida. Yana kashe ciwon, yana kashe sojojin jini. Daga kwana bakwai bayan an ɗura shi har zuwa sati biyu, murar da wani zai yi atishawa biyu ya manta da ita tana iya kwantar da Kadidia. Don haka ta sa babet, ƙyallen rufe hanci da baki irin na zamanin korona. A ware mata kofinta da cokalinta. Mai tari ko mura kada ya kusance ta. In jikinta ya yi zafi, ko minti kada a jira.

Na riƙe wannan magana kamar karatu. Na sayi babet kwali guda. Na ɗaura jan zare a hannun kofinta. Na hana ƴan dubiya cika ɗaki. Duk na yi, abu ɗaya ne ban yi ba: ban gaya wa kowa dalili ba. Wanda ya tambaye ni me ke damun Madam, sai in ce sai dai addu'a. In ya matsa, in ce jiki da jini. Ta yaya zan buɗe baki in ambaci wurin da ciwon ya fito?

To mutanen unguwa ba sa barin rami a buɗe, sai sun cika shi da abin da ke bakinsu. Sun ga mace ta rame, tana tari, ta rufe baki da ƙyalle, an ware mata kofi, ubanta kuma yana ɓoye-ɓoye. Kafin wata ya zagayo an gama yanke hukunci: tarin fuka ne, irin wanda ake ɗauka. Masana suka yi yawa. Mai kanti da ko sunansa ba ya iya rubutawa ya ce shi tun farko ya gane daga sautin tarin. Maƙwabciyar da ta shekara goma tana aron turminmu ta daina. Mai kawo mana ruwa ya koma ajiye jarka a waje. Raina su na yi, har yau ma ina raina su, amma shirun da na yi shi ya ba su igiya.

Kwana biyun Hajiya Baturiya suka zama sati, sati ya zama wata. Salamatou ta je sau biyu. Karon farko aka ce yarinya tana barci. Karo na biyu aka shimfiɗa mata tabarma can kusa da turken awaki, aka kawo mata ruwa a gwangwanin tumatir. Ta yi wa Hajiya bayani irin na mata, Hajiya ta ce ita ba yarinya ba ce, ta yi jinyar ƙanwarta da tarin fuka, ta san shi. Ta ce ciwon daji ba ya tari, kuma uwa ai dole ta rufa wa ƴarta asiri.

Na tare Mourtala wata Asabar da ya zo dubiya. Ya tsaya yana juya makullin moto a yatsa, kansa a ƙasa. Shi ya san gaskiya, da hannunsa ya sa wa takardar tiyatar hannu a Yamai. Ya ce wallahi ya gaya wa Hajiya, ba ta ji. Ya ce maganar ta koma hannun wan babansa, Alhaji Idrissa, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Alhaji kuma ya ce in ba abin ɗauka ba ne, me ya sa uban yarinya yake nuƙu-nuƙu? Ya zo ya faɗa da bakinsa. Mourtala namiji ne mai gemu, mai fasa dutse ƙarƙashin ƙasa, amma ya kasa shiga ɗakin uwarsa ya kama hannun ƴarsa ya fito. Yana maganar yana tari irin na masu aikin gawayi. Na miƙa masa babet, na ce ya sa kafin ya shiga. Ya sa, ya yi minti biyar a ciki, ya hau moto.

Shi Alhaji Idrissa ya san abin da yake yi. Ya san Nafi ƴar ɗansu ce, a al'ada ba mai ƙwace ta daga hannunsu da ƙarfi. Ya kuma san ba uban da zai zauna cikin maza ya yi zancen jikin ƴar fari. Ya kafa mini sharaɗin da ya tabbata ba zan cika ba, ya koma ya kishingiɗa.

Bayan ɗuri na huɗu suka dawo da sabon hoto da takarda. Na zauna a zaure na bi ta da yatsa, da ɗan faransancin da na tsira da shi daga aji shida. Abin da na gane shi ne abin da Salamatou ta faɗa: tabon da ke huhu ya ragu kaɗan. Amma likitar ba ta yi musu ƙarya ba. Ta ce irin wannan ba warkewa ake nema ba, kwanaki ake ƙarawa, da sauƙin numfashi. Wata tana samun shekara, wata fiye, ilimin yana wurin Allah.

Gashin Kadidia ya riga ya zube, har gira. Faratanta sun yi baƙi. Ni ban gani da idona sosai ba, don daga bakin ƙofa nake tsayawa in tambayi uwarta ya mai jiki, ita kuma tana kwance tana jina. Kowace safiya sai na tambaya ko akwai zazzaɓi. Kowace azahar in sake tambaya. Salamatou ta ce na fi ciwon damunta.

Saura kwana huɗu a koma ɗuri na biyar, na dawo daga tasha na kama musu wuri a kar ɗin ranar Lahadi, Salamatou ta tare ni a tsakar gida ta ce Madam ta ce ba za ta ba. Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce in tambaye ta da kaina, ita ta gaji da zama waya tsakaninmu. Na matsa bakin labule na yi gyaran murya. Ban san ma yadda zan fara ba. Ita ta fara.

"Baba, kwanaki aka ce ana ƙara mini. In Nafi tana can ni ina nan, me zan yi da su?"

Na ce ta yi haƙuri, ana kan magana.

"Wa ke maganar, Baba? Kai dai ba ka yi ba."

Shekararta talatin da ɗaya, ba ta taɓa mayar mini da magana ba sai ranar. Muryar ma ta cikin babet take fitowa, a shaƙe. Ta ce an ɗura mata jan maganin nan sau huɗu, ta yi aman da har ta ga ɗaci, don ta ga ranar da za a sa Nafi lekol. In ba haka ba a bar ta ta huta a ɗakin uwarta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Na koma wurin motopom, na ɗaura abin da na kwance, na sake kwancewa. Na yi tunanin in aiki limamin unguwa, sai na tuna shi ma sai na gaya masa. Na yi tunanin in aika da takardar kawai, sai na tuna wanda za a kai wa. Da aka yi la'asar na wanke hannu da omo har sau uku, na sa rigar Juma'a, na ɗauki babban ambulan ɗin hoton, na nufi gidan Alhaji Idrissa, inda Hajiya Baturiya take zaune.

Alhaji Idrissa da can jakai yake kora. Da zinariya ta ɓulla a daji ya shiga kai wa masu haƙa ruwa da mota, shekara uku ya yi bene mai fentin kore, ya sa gilashin ido wanda ba na karatu ba. Kullum bayan la'asar yana da majalisa a ƙofar gida, mutum bakwai ko takwas, irin waɗanda ke fara dariya tun bai gama magana ba. Na yi sallama, aka amsa, sai na ga tabarma tana faɗi. Kowa ya tuna yana da abin gyarawa a zamansa, har aka bar mini fili kamar na sallar Idi. Ana shayi, an zo zagaye na biyu. Kofuna uku ne ke yawo baki zuwa baki kamar kullum, daga mai sigari zuwa mai ruɓaɓɓen haƙori. Da aka zo kaina, mai dafawar, wani dattijon direbansa, ya kalli Alhaji, ya tashi ya shiga gida ya fito da wani kofi mai tsaga. Na karɓa na ajiye a gabana ban sha ba.

Muka gaisa. Alhaji ya tambayi mai jiki da murya irin ta ta'aziyya. Na ce na zo tafiya da Nafi. Ya gyara gilashi ya yi mini wa'azi: yarinya amana ce, rigakafi ya fi magani, su ba ƙin Kadidia suke ba, amma ko Musulunci bai ce a kai lafiyayye wurin annoba ba. Majalisa ta ce haka ne. Yana cikin magana tari ya sarƙe shi, ya kakaro ya tofar a gefen tabarma, ya tura ƙasa da takalmi. Sannan ya ce ai ya faɗa wa Mourtala, in akwai wata magana, ga ni ga su.

Ya ɗauka zan ce sai dai addu'a. Ni ma da na buɗe baki na ɗauka abin da zai fito ke nan. Na tuna abin da tsofaffi ke cewa, kunyar mara kunya asara ce. Na zaro hoton na ɗaga shi sama saitin rana yadda kowa zai gani.

"Alhaji, wannan ƙirjin ƴata ne, Kadidia. Ciwon daji ne ya kama ta a nono. An yanke nonon hagu shekara biyu ke nan. Daga nonon ya bi jini ya sauka a huhu, ga shi nan, waɗannan fararen. Shi ke sa ta tari. Ba a ɗaukarsa."

Wani ya ce subhanallahi. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Direban ya bar shayi yana zuba a wuta. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Haba Malam Illiya. Ƴar farinka ce fa."

"Kai ka ce in zo in faɗa da bakina."

Na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya sake tashi ba. Na gaya musu yadda ake ɗura maganin, ja kamar zoɓo, da yadda take kwana uku ba abin da ke zama a cikinta. Na gaya musu gashin ya zube. Na ce ƙyallen da take sawa da kofin da aka ware ba don a tsare su ba ne, don a tsare ta ne daga irinsu. Na nuna inda ya tofa majina, na ce wannan kaɗai ya isa ya kai ta kabari, ita kuwa ko shekara ta yi tana tari a fuskarsa ba abin da zai same shi. Na miƙa masa takardar likita. Ya karɓa ya riƙe, ya ƙura mata ido ta cikin gilashin nan nasa, ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ma ya miƙa gaba. Ta zagaye majalisa kamar kofin shayi ta dawo hannuna, ba wanda ya karanta ko layi ɗaya.

Abin da na lura da shi, ba ciwon ne ya girgiza su ba. An raba uwa mai jinya da ƴarta wata biyu, ba wanda ya ce subhanallahi. Sai da na ambaci nono. Da na gane haka sai na san inda zan taka. Na ce in har yanzu akwai mai shakka, ba komai, magariba ta kusa. Zan tsaya a ƙofar masallacinsu bayan an sallame in sake bayani daga farko, da hoton, in kuma faɗi gidan da aka riƙe yarinyar da dalili. In ba a gane ba, gobe Juma'a.

Alhaji bai ce ya yarda ba, bai ce ya yi kuskure ba. Irinsu ba sa faɗa. Ya juya ya ce wa direban ya shiga ya gaya wa Hajiya ta haɗo kayan yarinya, a ba mutumin nan ya tafi tun bai tara musu jama'a ba. Daga cikin gida na ji muryar Hajiya Baturiya tana cewa ita dai ba ruwanta, duk abin da ya faru kada a zo mata. Aka turo Nafi da ƙullin kaya a leda. Da zan tafi na ɗauki kofin nan mai tsaga na juye shayin a ƙasa, na kife shi a kan tabarma. Ban kai kwanar layin ba na ji sun fara zancena. Na san abin da za a ce, an kuwa ce: Illiya mai motopom ya zubar da girmansa, ciwon ƴa ya taɓa masa kai. Har yau akwai masu gaishe ni suna kallon gefe.

Muna tafe tana riƙe da yatsana, sai na ji ta ja hanci. Na tsaya na duba. Majina ce, kore, har leɓe. Ta yi ɗan tari. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun da Alhaji ya ba ta ragowar shayinsa. Na ƙirga kwanaki a yatsa: goma sha bakwai da ɗurin ƙarshe. An wuce sati biyun da likita ta faɗa, amma da kwana uku kacal. Wa ya san ko jinin ya gama farfaɗowa? Sauran hanyar ban san yadda na taka ta ba.

A zaure na tsayar da ita. Na wanke mata hannu da fuska da sabulu, na share hancin, na ɗauko babet na ƙulle igiyar ta baya don ta yi mata yawa. Na ce wa Salamatou a bar ta a bakin ƙofa, su ga juna daga nesa, in mura ta wuce sai ta shiga. Salamatou ta kalle ni, ta ɗaga labule.

Nafi ta tsaya a dokin ƙofa. Matar da ke zaune a kan katifa ba gira, ɗankwali ya lafe a kai, rabin fuska a rufe. Yarinya ta ja da baya ta kama rigata. Kadidia ta kira sunanta, ta ƙara ƙanƙame ni. Sai Kadidia ta sa yatsa ta sauke babet ɗinta zuwa haɓa, ta yi irin murguɗa bakin da take mata in ta ƙi cin tuwo. Nafi ta sake ni ta ruga.

Na ce a'a, na ce mura gare ta, na ce likita ta hana. Ba wanda ya saurare ni. Nafi ta riga ta dunƙule a jikin uwarta, a gefen da aka cire nonon, Kadidia ta sa hanci a cikin kitsonta tana shaƙa. Na tsaya ina lissafin inda zan sami mota in zazzaɓi ya tashi, da ko likitan da ke aikin dare zai gane takardun Yamai. Da na ga ba mai raba su, sai na tuɓe takalmi na shiga ɗakin, karo na farko tun da ta dawo gidan. Na durƙusa na kama igiyar babet ɗin na mayar wa Kadidia kan hanci. Ta bar ni na yi. Na taɓa goshinta da bayan hannu, da sanyi.

"Kadidia, kar ɗin Lahadi fa?"

Ta dube ni ta saman ƙyallen.

"A ƙara wuri ɗaya, Baba. Da ita za ni."

Na ce yarinya mai mura, yini da dare kusa da ita a cikin kar, wannan ba hankali ba ne. Ta ce to a fasa. Na tashi na sa takalmi na koma tasha tun ba su rufe ba. Na sa aka ba Nafi kujerar can baya kusa da kakarta Salamatou, na biya ta wurin mai magani na sayo abin auna zafin jiki na biyu, don wanda ke gida ban yarda da shi ba.